Ya shiga SS1, yana karanta Turanci ba gargada, amma bai san abin da ya karanta ba

Maman Abdul:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah malaman Turanci da ke cikinmu, ku nake nema. Ɗana na fari ya shiga SS1 wannan zangon, shekararsa 15. Jiya ya kawo min takardar gwajin da aka yi musu, ya ci 6 cikin 30 a ɓangaren taƙaitawa. Na zauna na duba takardar da kaina. Bayani ne a kan sare itatuwa da kwararowar hamada, aka ce ya kawo dalilai uku da marubucin ya bayar, kowanne a jimla ɗaya. Shi kuwa sai ya kwafo sakin layi na biyu gaba ɗayansa, har da waƙafi da aya, da rubutunsa mai kyau kamar na inji. Malamin ya ja jan biro daga sama har ƙasa.

Abin da ya ɗaure min kai, yaron nan in ya ɗauki littafin Turanci yana karantawa a fili, ko gargada ba ya yi. Ya ci jarrabawar JSS3 lafiya lau. Littattafan rubutunsa cike suke taf. Amma da na ce ya rufe takardar ya faɗa min da Hausa abin da bayanin ya ƙunsa, sai ya ce "a kan bishiyoyi ne", ya sunkuyar da kai. Shi ke nan.

Me ake so yaro ya iya a karatu da rubutu a wannan matakin? Ni ce na ɗora masa buri da yawa, ko kuwa an bar mu a baya ne?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, maganin abu ɗaya ne, a daina yi masa Hausa a gida. Ni nawa tun suna firamare na kafa doka, daga an dawo makaranta har isha'i Turanci kawai. Yanzu in suna magana sai kin ɗauka a Legas aka haife su.

Malamin Turanci, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki ɗora masa buri da yawa ba. Abin da kika nema a wajensa shi ne ainihin abin da ake nema. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da Turanci a babbar sakandare, kuma ina makin takardun WAEC, bari in faɗa miki inda aka dosa da shi, don daga can ake gane abin da ya kamata ya riƙe tun yanzu.

Takarda ta biyu ta Turanci a WAEC awa biyu ce, maki 100. Insha'i maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. A insha'i zai zaɓi tambaya ɗaya ya rubuta kalmomi kamar 450: wasiƙa, ko jawabi, ko muhawara, ko labari, ko maƙalar jarida. Makin nan 50 kashi huɗu muke raba shi. Abin da ya faɗa 10, yadda ya tsara shi 10, yadda ya sarrafa harshe 20, sai ƙa'idojin rubutu 10. A wannan na ƙarshen kowane kuskure rabin maki ne, ko harafi ya ɓata, ko aya ya manta, ko ya fara jimla da ƙaramin baƙi. Kuskure 20 kenan goman ta tafi. Wallahi yara da yawa ba sa kai rabin shafi na farko goman nan ta ƙare.

A taƙaitawa kuwa, wanda ya kwafo zancen marubuci ɗungurungum ba shi da komai, ko da amsar tana cikin abin da ya kwafo. Malaminsa bai zalunce shi ba, ya yi masa gata da ya nuna masa tun yanzu.

To ɗan SS1 ba a ce ya iya duk wannan ba, yana da shekara uku a gabansa. Abin da nake so in gani a ranar farko shi ne ya karanta shafi guda wanda bai taɓa gani ba, ya rufe, ya gaya min me marubucin yake son faɗa, ya raba min babbar magana da misalan da aka kawo don ƙarfafa ta. In ya ci karo da baƙuwar kalma ya iya hasashen ma'anarta daga maƙwabtanta kafin ya nemi ƙamus. A rubutu kuma ya iya gina sakin layi ɗaya nasa na kansa, jimla biyar ko shida, duk a kan magana ɗaya, ta farko ta buɗe, sauran su tallafa mata. Wanda ya zo min da wannan, sauran aikina ne.

Maman Abdul:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Amma ta yaya ya wuce JSS3 bai iya wannan ba?

Malamin Turanci, Zariya:
Saboda yawancin gwajin da ya sha a baya na zaɓi ne, A ko B ko C. Tambayoyin auna fahimta na ƙananan azuzuwa kuma sau da yawa ana iya amsa su da ido kawai: ya ga kalmar da ke cikin tambaya, ya nemo ta a cikin labarin, ya kwafe layin. Ya yi shekara da shekaru yana cin maki da wannan dabarar, ba wanda ya ce masa ba karatu ba ce. Insha'i kuma hadda ake ba su. Wasiƙa zuwa ga mahaifi, ranar da ba zan manta ba, makarantata. Na taɓa makin takardu daga cibiya ɗaya, yara fiye da talatin, duk kawunsu ɗaya ne ya yi haɗarin mota a rana ɗaya, da kalmomi iri ɗaya.

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta. 'Yata Maman Abdul, abin da ɗanki yake yi mu mun san shi a wani wuri. A wajen tafsiri akwai mai jan baƙi, akwai mai fassara. Mai jan baƙi ya iya fitar da kowane harafi daga mafitarsa, aikinsa kenan kuma aiki ne mai daraja. Amma jama'a suna jiran fassara. Makarantunmu na boko sun cika da yara masu jan baƙin Turanci, babu fassara a bayansa. Iyaye kuma in sun ji harshe yana gudu sai hankalinsu ya kwanta.

Alhaji Baban Khalifa, ina girmama ƙoƙarinka, amma ban yarda da kai ba. Magana daban, karatu daban. Na ga yaran da Turanci ke zuba a bakinsu kamar ruwa, a ba su takarda su rubuta wa shugaban makaranta wasiƙar neman izini, su kasa haɗa sakin layi biyu. Kuma batun hana harshen uwa an gwada akasinsa a ƙasar nan. A 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara dukkan darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, Turanci kuma aka ɗauke shi darasi guda da ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Wanda ya iya tunani da harshensa, zuba tunanin a wani harshe ba ya yi masa wuya. Wanda aka raba da nasa kafin ya kama na biyu, shi ne ke rasa tudun dafawa.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma jarrabawar nan da Turanci ake yin ta, ba da Hausa ba. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a, ko da yaro ya ci A a duk sauran. JAMB ma Turanci dole ne ga kowa. Ni abin da nake gudu kenan. Yaran Kudu suna jin Turanci a kasuwa da mota da unguwa, namu sai a aji, minti arba'in. In ban cike musu giɓin a gida ba wa zai cike?

Tsohon Hedimasta:
Wannan maganar taka gaskiya ce, yaranmu suna buƙatar ƙarin Turanci. Inda muka saɓa shi ne hanyar. Cike giɓin da littafi, ba da hana Hausa ba. Turancin da ake yi a falo kalmomi ƙalilan ne suke ta juyawa: zo, tafi, ka ci abinci, kashe fanka. Turancin jarrabawa a rubuce yake zaune. A zamaninmu kowace Juma'a sai ka ari littafi a laburaren makaranta, ran Litinin ka tsaya gaban aji ka faɗi abin da ka karanta. Sannan ga shifta kullum da safe, layi biyar, malam ya karanta mu rubuta, mu yi musayar littafi mu gyara wa juna. Shiftar nan da aka watsar ita ce ta koya mana inda aya take zama.

Anti Malama:
Baba, Allah ya ja kwana, ku yi min haƙuri in faɗi namu ɓangaren, don na san ƙarshenta a kanmu malamai za a sauke. Ina koyar da SS1 a makarantar gwamnati ta 'yan mata. Azuzuwa huɗu nake shiga, kowanne ɗalibai sun kai 90. A takarda an ce malami ɗaya ga ɗalibai 40. In na ba da insha'i ɗaya, littafi 360 ke jirana. In na ba kowanne minti biyar kacal, awa 30 kenan, ban shirya darasi ba, ban shiga aji ba, ban dafa wa 'ya'yana abinci ba. Shi ya sa za ka ga an ba da insha'i sau biyu a zango. Rubutu kuwa kamar tuƙin tuwo ne, ba a koyonsa da kallo.

Kuma abin da ba a faɗa, a cikin casa'in ɗin nan akwai wajen ashirin da ko jan baƙin da Baba yake magana ba su iya ba. Na sa wata yarinya ta karanta layi ɗaya a allo, ta tsaya tana kallon allon, hawaye na zubo mata. Na kira ta ofis daga baya, ashe haruffa ma tana rikita b da d. Shekara tara tana zuwa makaranta kullum, tana kwafar abin da ke allo kamar mai zane, ba wanda ya taɓa zama da ita. Manhaja ta ce in koya mata rubuta maƙala. Na kwana ina tunanin yarinyar nan. Ɗan Maman Abdul yana cikin masu sa'a.

Ummu Hafsa:
Innalillahi. Anti Malama Allah ya biya ki. Ni dai ina ganin waya ma ta taka rawa. 'Yata in ta rubuta saƙo ba aya ba waƙafi, kalmomi duk a gutsure, kuma haka take kai shi cikin littafin makaranta.

Anti Malama:
Tana taka rawa, ina ganin irin wannan a takardunsu. Amma yarinyar da na ba da labarinta ko waya babu a gidansu.

Ɗan Zango a Bronx:
Salamu alaikum. Ni ɗan Kumasi ne, ina zaune a New York, 'yata tana aji tara, wato shekarar farko ta babbar sakandare a nan, sa'ar ɗan Hajiya ce. Ina so in faɗi abin da na gani, ba don in ce nan ya fi can ba, nan ma akwai yaran da ke fama sosai.

Tun 2010 yawancin jihohin Amurka suka ɗauki ma'auni ɗaya na abin da ake so ɗalibi ya iya a kowane aji, ana ce masa Common Core. New York ta yi wa nata kwaskwarima daga baya amma ƙashin bayan bai canza ba. A aji tara da goma rubutu iri uku ake nema: na kafa hujja, na bayani, da na labari. A karatu kuma abin da suka fi nacewa a kai shi ne duk abin da ka ce game da rubutu, ka nuna layin da ya sa ka faɗa. 'Yata ta rubuta cewa wani mutum a cikin labarin da suka karanta matsoraci ne, malamar ta maido mata da takardar ta rubuta a gefe: a ina kika gani? Sai da ta koma ta zaƙulo wurare biyu, ta kawo maganarsa, ta bayyana yadda maganar ta nuna tsoro. Da na ga haka sai na tuna malaminmu na zaure a Kumasi, in ka kawo magana sai ya ce ina nassinka.

Jarrabawar Turanci ta jihar, wadda suke kira Regents, awa uku ce, yawanci a aji goma sha ɗaya ake yin ta. A ciki ana ba yaro rubuce-rubuce huɗu a kan batu ɗaya masu saɓa wa juna, ya ɗauki matsaya, ya kafa hujja da aƙalla uku daga cikinsu, ya kuma kawo maganar ɓangaren da bai bi ba ya amsa ta. Ba yadda za a yi ka haddace wannan daga gida.

Malamin Turanci, Zariya:
Na gode da wannan, ɗan'uwa. Ka ga bambanci ɗaya mai muhimmanci: su suna haɗa karatu da rubutu a tambaya ɗaya, mu mun raba su, shi ya sa hadda take samun ƙofa a insha'inmu. Amma taƙaitawarmu ba ta haddatuwa, kuma a nan asirin yaro ke tonuwa, kamar yadda ya faru da Abdul.

Hajiya, ga abin da za ki yi kafin ki kashe kuɗi a lesin. Ki samo gajeren labari na Hausa, ko daga Aminiya ne, ya karanta, ya rufe, ya faɗa miki a jimla uku. In ya iya, to kansa ya san taƙaitawa, Turancin ne ya tare masa hanya. In ya kasa har a Hausa, to ba a taɓa koya masa neman babbar magana a cikin rubutu ba, kuma da Hausar za ki fara koya masa, ya fi sauri. Bayan nan ki ba shi na Turanci, ki ce ya ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da bai sani ba. Ki lura da irin kalmomin.

Ɗalibar Jami'a:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni sai da na zauna WAEC sau biyu saboda Turanci. Na farko na haddace wasiƙu biyar, ba wadda ta fito, na rubuta wadda ta fi kusa, na samu D7. Kafin na biyu yayata ta sa ni kullum in karanta sharhin jarida ɗaya in rubuta mata shi a layi huɗu. Wata bakwai muna haka. Na samu C4. Ban ƙara sanin nahawu ba a tsakanin, karatu kawai na koya.

Baban Khalifa:
To na ji. Daren jiya na gwada Khalifa da abin da Malam ya ce, na Turancin. Ya faɗi labarin amma ya juya ƙarshensa, marubucin yana sukar abu shi ya ɗauka yabo yake. Zan ci gaba da sa su yin Turanci a gida, ban sauka daga wannan ba, amma zan haɗa da jarida.

Maman Abdul:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana goma. Malam, na yi yadda ka ce. Na Hausar ya faɗa min shi tsaf, har ya ƙara da nasa ra'ayin. Da muka koma na Turanci, na zaci manyan kalmomi zai ja wa layi. Ya ja wa wasu, amma da na bi shi jimla-jimla sai na gano inda yake ɓacewa: however, although, despite, whereas. Bai ja musu layi ba don yana ganinsu kullum, ya ɗauka ya san su. Na ce me although take nufi, ya ce "kuma". Ashe duk inda marubuci ya juya magana, shi miƙewa yake yi.

Malamin Turanci, Zariya:
Alhamdulillahi, kin kama bakin zaren. Abin da ya sami Khalifa ma kenan. Waɗannan ƙananan kalmomin su ne mararrabar hanya a cikin rubutu. Ki rubuta masa su da Hausarsu a kwali ki manna a bango: amma, ko da yake, duk da, alhali, saboda haka, sakamakon haka. Kullum ya gina jimla biyu da kowace ɗaya, a kan abin da ya gani da idonsa a ranar, ba daga littafi ba.

Maman Abdul:
Mun fara. Jiya na ce ya rubuta min sakin layi ɗaya a kan famfon unguwarmu da ya lalace. Ya yi kusan awa ɗaya a kan tabarma, ya yage takarda biyu, ya kawo min jimla shida. Ya rubuta cewa ko da yake an tara kuɗin gyara tun watan jiya, har yanzu ƙannensa ne ke zuwa layin mai ruwa da jarka kafin su tafi makaranta. Rubutun bai yi kyan na da ba, akwai gogewa ko'ina, na ƙirga kuskure goma sha ɗaya. Amma wannan ne karo na farko da na karanta abu a littafinsa na ji muryarsa a ciki. Malam, in gyara masa duka goma sha ɗayan ne?

Malamin Turanci, Zariya:
A'a Hajiya, kar ki cika masa takarda da ja, zai koma kwafa don ita ce ba ta jawo masa gyara. Ki zaɓi iri biyu kawai. Wane kuskure ne ya fi maimaituwa?

Maman Abdul:
Yana mantawa da -ed a abin da ya wuce, sau huɗu. Sai aya, yana haɗa jimla biyu da waƙafi.

Malamin Turanci, Zariya:
Na farkon daga Hausa ya taho da shi. Mu lokaci a jikin wakilin suna yake, ya tafi, yana tafiya, zai tafi, shi kuwa Turanci a jikin aikatau yake sa shi. Ki nuna masa wannan da misali biyu, zai gane. Su biyun nan kawai za ku bi har ƙarshen wata. Ki ajiye takardar famfon, kar ta ɓata, ki sa mata kwanan wata.

Anti Malama:
Maman Abdul, don Allah ki ɗauko min hoton kwalin nan in kin rubuta. Zan sa a yi min babba in kafa a azuzuwana huɗu. Yarinyar da na ba ku labari kuma mun fara zama da ita da wasu shida ran Talata da Alhamis bayan an tashi, daga haruffa muka faro.

Maman Abdul:
In sha Allahu zan turo miki yau bayan magariba, Abdul ne zai rubuta shi da hannunsa.